Ruwan Gwal

"Ba zan durƙusa ba," na ce.

Baba Ɗanlami ya cire tabarau ya dube ni. Shi ne mijin gwaggona, kuma a gidansa nake zaune a unguwar Madinat Khalifa tun ranar da na sauka Doha. Mutum ne da bai saba maimaita magana ba.

"Diana, ban ji ki ba."

"Ka ji ni, Baba. Na ce ba zan durƙusa ba."

Falon cike yake da matan Zumunta, an dawo daga sujada, don a nan ranar Juma'a ake zuwa coci, ko ɗankwali ba a kwance ba. A tsakiyarsu Gwaggo Felicia take, ƙanwar mahaifina, shugabar Zumuntar mata, babbar nas da ta daɗe a ƙasar nan. Ta dafe ƙirji kamar wadda aka zo yi wa gaisuwar rasuwa. An ture teburin tsakiya gefe, an bar mini fili a kan kafet daidai gaban ƙafafunta. Nan ake so in sa gwiwoyina in ce na yi kuskure, na tuba.

A kan teburin da aka ture, akwatina yana buɗe. Ban yarda na kalle shi ba, don na san idan na kalla muryata za ta yi rawa, kuma ban shirya ba matan nan wannan daɗin ba.

Abin da ke cikin akwatin nan, a gida fashan muke ce masa, wato sarƙa da 'yan kunnen da ba gwal ba. To, amma fashan suna suka tara. A watannina na farko, ranar da ba ni da aiki a asibiti nakan tafi kasuwar Souq Waqif in yi ta yawo, don idan na zauna a gida aike ba ya ƙarewa. Wata rana a shagon tsofaffin kaya, tsakanin rediyoyin da suka mutu da butocin gahawa, na ga wani fil na ado, irin wanda ake maƙalawa a ƙirjin riga. Siffar tsuntsu ne ya buɗe fiffike, jikinsa duk ƙananan duwatsu shuɗɗa. Na juya bayansa na ga suna an buga da ƙananan haruffa. Na nemi sunan a waya ina tsaye a wurin. Ashe wani gidan ado ne a New York, kuma sun ƙera tsuntsun nan tun kafin a haifi mahaifina.

Daga nan na shiga karatu kamar zan sake jarrabawar digiri. Na gane cewa duwatsun gilashi ne, amma a bayan kowanne akwai wani siririn shafi kamar na madubi, shi ke mayar da haske, kuma ruwa na shiga ya kashe shi. Na gane cewa dusashewar da ƙarfen ya yi ba dauɗa ba ce, shekaru ne, kuma ita masu tarawa ke nema. Sunan da ke baya kuwa shi ne shaidar abin gaba ɗaya. Na riƙa bin turawan da za su bar ƙasar suna sayar da kayansu, ina bin gwanjon intanet a lokacin hutun cin abinci. Wasu da na samu a Faris aka yi su, wasu a Milan. Kowanne da ƙyallensa mai laushi, kowanne busasshen buroshi kawai yake gani.

Ni gwal bai taɓa burge ni ba. A sikeli ake ɗora shi kamar nama, a faɗa maka nauyinsa, magana ta ƙare. Waɗannan kuwa wani ne ya zauna da tagulla da gilashi, abin da ba kowa zai sunkuya ya ɗauka ba, ya yi musu aikin da har yau mutum zai tsaya ya kalla.

Gwaggo ba ta taɓa ganin haka ba.

"Kina Qatar," takan ce, "ƙasar da gwal yake kamar gyaɗa, kina yawo da fashan a wuya? Fashan ɗin ma na gwanjo, kayan matattun turawa! Idan aka ga hotonki a Jos me za a ce? A ce Felicia ta kawo 'yar wanta tana bautar da ita."

Nakan yi dariya in wuce. Ban ɗauka abin zai wuce baki ba.

Sai bikin Vanessa ya taso. Vanessa 'yar Gwaggo ce, tare muka tashi a Jos kafin su taho, gado ɗaya, bulala ɗaya. Ni ce babbar ƙawar amarya. Aka fitar da anko, aka ce kowace mace ta sa gwal, wadda ba ta da shi ta ara, domin hotuna gida za su. Na ce ni ina da abin da zan sa, na fito da wata sarƙa mai korayen duwatsu wadda na fi so a duk akwatin. Gwaggo ta ɗaga ta da yatsu biyu.

"Wannan abin da ya yi duhu kamar gindin tukunya?"

"Haka ake son ta, Gwaggo."

"Wa ke son ta haka?"

Ta ajiye ta. Ashe ta gama shawara.

Duk macen da ta tashi a wajenmu ta san wanki. Idan sarƙa ta dusashe, a kai wa maƙeri ya goge ta da inji, ya tsoma ta a ruwan gwal, ta fito tana walƙiya. Mahaifiyata ma haka take yi duk gabanin Kirsimeti. Ina wurin aikin safe Gwaggo ta shiga ɗakina, ta buɗe kabad, ta ɗauki akwatin gaba ɗaya ta kai kasuwar gwal a yi masa wanki.

Ban lura ba sai da aka karɓo. Na dawo da la'asar a gajiye, na tarar da mata a falo ana rabon yadin anko. Gwaggo ta miƙe tana murmushi.

"Yawwa, ga ta nan. Zo ki ga abin da na yi miki, 'yata. Yanzu kya shiga cikin mutane."

Ta buɗe akwatin a gabansu.

Komai ya koma rawaya ɗaya, rawaya mai ihu, irin ta hannun ƙofar otal. Masu ruwan azurfa, masu ruwan tagulla, masu baƙin ƙarfe, duk an mayar da su abu guda. Korayen duwatsun sarƙata sun yi fari-fari kamar idon mataccen kifi. Ƙwayoyin lu'ulu'un wata doguwar sarƙa sun saɓule kamar ɓawon albasa. Na ɗauki tsuntsuna na juya bayansa. Sumul. Inji ya cinye sunan, ruwan gwal ya cike gurbin. Na ɗauki wani, na ɗauki wani. Babu ko ɗaya da ya tsira.

"Wa ya aike ki?" na ce.

Matan suka ajiye yadin da ke hannunsu suka zuba mini ido.

"Wa ya aike ki ɗakina? Wa ya ce ki taɓa mini kaya? Kin ɓata su! Kin ɓata su duka!"

Wannan ne laifina, wanda aka tara Zumunta a kansa ranar Juma'ar da ta biyo baya, aka share mini fili a kafet.

Maman Reuben ce ta fara magana bayan na ƙi. Ita ce ma'ajiyar Zumunta, bakinta ya fi almakashi.

"Yesu na! Yau ga ikon Allah. Yarinya, a kan gwangwani za ki tozarta uwarki? Gwangwanin ma da aka yi masa gata?"

"Ba gwangwaninki ba ne, Mama."

"Kun ji ko? Digiri ke magana. Mu da muka yi makarantar nas ta mishan ba mu san komai ba."

"Ni ban kawo zancen makaranta ba."

"Ai ba sai kin kawo ba, a goshinki yake a rubuce."

Wasu suka yi dariya. Baba Ɗanlami ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da 'yar jaka ja, ya zazzage ta a tafinsa. Sarƙar gwal ce, mai kauri, da 'yan kunnenta.

"Ni ba na son rigima a gidana," ya ce. "Ga wannan. Gwal ne na gaske, ba wasa ba, da kaina na je na zaɓo. Ya fi duk abin da ke cikin akwatin can. Ki durƙusa ki ba uwarki haƙuri, ki ɗauka, ki sa ranar biki. Khalas, magana ta ƙare."

Matan suka yi ta sa masa albarka. Wata ta ce ina ma ita ce aka ɓata wa kaya.

Na san Baba da zuciya ɗaya ya yi. Shi ya sa abin ya fi ƙona ni. Duk falon nan babu mutum ɗaya da ya yarda an yi mini ɓarna. A wurinsu yarinya ce aka ƙwace wa abin wasa, za a rarrashe ta da alewa.

"Baba, na gode, amma ka mayar. Abu ɗaya nake so. Gwaggo ta ce ta ɓata mini kaya. Idan ta faɗa, ni ma zan ce na ɗaga mata murya, a wuce wurin."

Sai a lokacin Gwaggo ta buɗe baki.

"Ni na ɓata? Gyara na yi. Na bar aikina, na shiga rana, na tsaya a kan maƙeri har ya gama. Gyara miki na yi, Diana."

"Ɓatawa kika yi."

"Gyara na yi! Ku duba akwatin nan, ku faɗi tsakaninku da Allah, da da yanzu wanne ya fi kyau?"

Suka leƙa, suka ce yanzu. Da gaske suke, ba don su faranta mata ba. Idonsu abin da ya gani ke nan.

"Ko da ya fi kyau," na ce, "nawa ne. Ba a tambaye ni ba."

Baba ya mayar da sarƙar cikin jaka, ya ja zaren a hankali.

"Gidana ba ya ɗaukar wadda ta fi ƙarfin durƙuso. Ki yi tunani."

Ban tsaya tunani ba. Takarduna a hannun asibiti suke, su ne kafil ɗina, wato masu ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, don haka babu mai iya sa ni a jirgi ya mayar da ni Jos. Abin da za su iya karɓewa shi ne ɗaki da mutane. Na shiga na haɗa kayana, na fito na rufe akwatin a gabansu na saƙala a hammata. Vanessa tana tsaye a ƙofar kicin tana kuka ba sauti. Maman Reuben ta ce a bar ni, yunwar tuwo za ta dawo da ni.

Mubarika ce ta karɓe ni. 'Yar Zangon Kumasi ce, a ɗakin magani na asibitinmu take aiki, kuma da Hausa muke hira tun ranar da ta ji ina faɗa da mahaifiyata a waya. A unguwar Nu'aija take zaune da wasu mata, ɗaki ɗaya, gadaje masu hawa biyu. Na sama ne babu kowa.

Da na nuna mata akwatin ta daɗe tana kallo.

"Ei, Diana. Gaskiya ni ma a idona yanzu ya fi ƙyalli."

"Ke ma?"

"Na ce ƙyalli, ban ce kyau ba. Amma ko tsumma ne, wanda ya shiga ɗakina ya ɗauka zai ji bakina. Sai dai ke ma akwai taurin kai paa. Hau gadonki, ki kula da fanka, tana aske mutum."

Zaman bai yi daɗi ba, ba zan ce ya yi ba. Banɗaki layi ake yi. Kayana a jaka suke ƙarƙashin gadon wata. Ranar da ake wasan ƙwallo a filin da ke kusa, hanya takan toshe, in sauka daga bas in taka da ƙafa cikin zafin da ke dafa tafin takalmi. Idan na yi aikin dare na dawo in kwanta, lokacin wasu ke tashi suna soya albasa. Na koyi barci da matashi a kan kai.

Coci kuwa ban daina zuwa ba. Me zai hana ni? Ba gidan Gwaggo ba ne. Juma'ar farko na zauna a bencinmu na kullum, matan suka riƙa matsawa ɗaya bayan ɗaya har na rage ni da jakata. An riga an cire ni daga zauren Zumunta na waya. Da aka ba Gwaggo addu'ar rufewa, ta ɗaga murya ta ce, "Ya Ubangiji, ka karya wuyan girman kai a cikin 'ya'yanmu, ka koya musu godiya." Duk majami'ar ta san da wa ake. Na ce Amin da ƙarfi har na gabana suka waiwayo. Ni ma ina da wadda nake so a karya wa nata.

Mahaifina ya kira daga Jos. Bai amsa gaisuwata ba.

"Ƙanwata kika zaga a gaban mutane?"

"Ban zage ta ba, Baba. Tambayarta na yi."

"Ita ta kai ki ƙasar nan."

"Ni na ci jarrabawar, ni asibiti suka ɗauka. Masauki ta ba ni, kuma na gode mata, na yi mata wanke-wanke da shara ban taɓa ƙorafi ba."

"To ki je ki durƙusa. Kada ki ƙara kirana sai kin yi."

Ya miƙa wa mahaifiyata wayar. Ta yi ƙasa da murya.

"Diana, gwiwa ce kawai. Ki sa ta a ƙasa, a ranki ki san abin da kika sani. Mu duka haka muka yi muka zauna lafiya."

"Na sani, Mama. Na ga kin yi."

Sai ta ce in riƙa cin abinci.

Biki ya matso. Vanessa ta turo saƙo ta ce mu haɗu a Souq Waqif, kada kowa ya sani. Muka zauna a wani shagon shayi da yamma, masu dako suna wucewa da amalankensu. Ta rame, ta yi kyau.

"Muguwa," ta ce. "Kin bar ni da Maman Reuben tana zaɓa mini kalar janbaki."

"Allah ya ƙara. Ke da kika tsaya a ƙofar kicin kamar gunki."

"Me kike so in yi? Uwata ce."

"Ni kuma 'yar maƙwabta ce."

Ta kama hannuna a kan tebur.

"Didi, don girman Allah. Rigarki tana wurin tela, ban bari an ba kowa ba. Angon nawa Alex ma cewa ya yi in roƙe ki. Ki zo ki yi abin nan, ko ƙiftawar ido ba za a yi ba kin tashi. Wallahi Mama ta san ta yi ba daidai ba. Na gan ta ta shiga ɗakinki ta zauna a bakin gado. Amma kin san ta, shugabar mata ce, ba za ta iya faɗa a gabansu ba."

Wannan ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Na juya kofin shayina na daɗe ina kallonsa.

"To na sauko," na ce. "Ba sai a gaban mata ba. Ba sai a gaban Baba Ɗanlami ba. Ta kira ni, ni da ita, ko a waya. Ta ce, Diana na ɓata miki kaya. Shi ke nan. Ko haƙuri ba sai ta ba ni ba. Tana faɗa zan zo in ɗaure miki ɗankwali da hannuna."

Vanessa ta yi tsalle ta rungume ni, har shayi ya zube. Ta ce wannan mai sauƙi ne, yau ɗin nan za ta shawo kanta. Muka rabu tana dariya tana cewa in fara rage tumbi saboda rigar.

Washegari ina wurin aiki saƙon murya ya shigo daga lambar Vanessa. Na shiga ɗakin hutu na kunna. Muryar Gwaggo ce, a natse, irin wadda take sawa idan tana jagorar addu'a.

"Diana, Vanessa ta faɗa mini kin yi nadama. Na ji daɗi. Ni Kirista ce, ba na riƙe mutum a zuciya. Na yafe miki. Ki zo ranar Juma'a bayan sujada, matan za su taru, ki durƙusa a wuce wurin. Ki taho da sarƙar da na gyara miki, ita za ki sa."

Na saurara har ƙarshe. Na sake saurara don in tabbata kunnena bai yi mini ƙari ba. Ta yafe mini. Ita ta shiga ɗakina, ita ta kwashi abin da na tara da guntun hutuna, ta tsoma a ruwa ya mutu, kuma ita ce ta yafe. Na rubuta wa Vanessa cewa ta ba wata rigar. Na wanke fuska na koma kan marasa lafiyata.

An yi biki. Na gani a wayoyin mutane, kamar kowane baƙo. 'Yar Maman Reuben ce ta tsaya a bayan amarya, rigar ta yi mata yawa a kafaɗa. Vanessa ba ta amsa saƙon taya murnar da na tura mata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Mubarika takan tambaye ni ko abin ya kai a yi masa haka. Nakan ce mata ban sani ba ko ya kai, na dai san ba zan ce an gyara abin da aka ɓata ba. Amma ba kyauta na samu wannan ba. Kayana ba su dawo ba, ba kuma za su dawo ba. Ban tsaya a bikin 'yar'uwar da muka tashi tare ba, kuma biki ba a maimaita shi. A coci ni kaɗai nake zama. Mahaifina har yau bai ɗauki wayata ba. Kwanan baya zazzaɓi ya kwantar da ni a kan gadon nan na sama, a garin da nake da gwaggo da mijinta da 'yar'uwa, kuma babu ɗayansu da ya san na yi ciwo har na warke.